Wa Zai Yi wa Isufu Wanka

Dukan farko Habsatou ba ta gan shi ba, jin sa ta yi. Tana tsaye a kicin tana tuƙa tuwon shinkafa, sai wani abu ya daki bangon bene kamar an jefar da buhun takalma, ihu ya biyo baya. Ta san muryar. Shekara da shekaru bango ɗaya ne tsakaninta da mai ita.

Da muciya a hannu ta fito, ko kallabi ba ta tsaya gyarawa ba. A kan matakala, tsakanin hawanta da na ƙasa, maza sun yi wa Isufu zobe. Dukkansu ta san su, don babu wanda bai taɓa lashe kwano a falonta ba. Ghali, wani Bakano mai sarin takalma a titin Zhanxi Lu a nan China, ya naɗe bel a hannu yana zabga masa ta wajen ƙarfen. Wani ya zaro sandar ƙarfe daga kurar ɗaukar kaya. Na ukun bai ma ajiye wayarsa ba, yana haska wa Isufu ita a fuska yana tambaya, "Wannan waye? Ka ce ba kai ba ne!"

"Mi ya yi muku?" in ji Habsatou. "Ghali! Don Allah mi ya yi muku?"

"Hajiya, koma ciki. Ba da ke muke ba."

Isufu ya ɗago kai, jini ya rufe masa ido ɗaya. Ya buɗe baki zai yi magana, mai sandar ya sauke masa ita a kwiɓi. Ƙarar da ta fita Habsatou ta san irinta, haka ƙashi ke yi in mahauci ya sare shi. Ta yi kukan kura ta faɗa tsakaninsu tana kai duka da muciya, wani ya hankaɗe ta, ƙugunta ya bugi ƙarfen bene. Tana daga zaune ta ga sun ja shi da ƙafa, kansa na bugun matakala ɗaya bayan ɗaya. A ƙasa Ghali ya taka masa ciki da takalmi, ya sake takawa, har sai da wata tsohuwa 'yar China ta leƙo tana ihun za ta kira 'yan sanda. Kalmar nan kaɗai ta watsa su. Jarumawan da suka taru a kan mutum ɗaya, kowa ya tuna da fasfonsa ya ranta a na kare.

Ba yau suka san Isufu ba, kuma ba yau suka san ko shi wane ne ba. Ɗan daudu ne tun daga Damagaram, bai taɓa ɓoye tafiyarsa ko karya harshensa ba. Da shi suke shiga kasuwa in za su sayi kayan mata, don shi ne zai ɗaga takalmi ya ce, "Wannan ko kyauta ka ba matan Kano ba za su sa ba," kuma maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa. Shi ke yi musu ciniki da yaren China, ya yi wa laoban, wato mai shago, daɗin baki har ya sauko. A kira shi 'yar Hajiya, a yi dariya, shi ma ya yi. Wannan duk ba laifi ba ne muddin kwantena na cika.

Laifin shi ne wani ɗaki a saman shagon gashin kanti, a wani lungu da ke bayan titin Huanshi Lu. Mai shagon, wani siririn ɗan China da ake kira A-Ming, shi ke buɗe ɗakin kowace Lahadi da la'asar. Masu zuwa irin mutanen nan ne da gidajen rawar gari ke tsayarwa a ƙofa saboda baƙar fata, in sun koma cikin 'yan uwansu kuma a tsayar da su saboda wani abin. Akwai 'yan Ghana, 'yan Kamaru, 'yan Mali, da wasu 'yan Filifin. Maza su ci ado irin na mata, su hau wani ɗan dandamali na katako su yi wasa, sauran su yi ta tafi. A can ba a san Isufu ba, Saffana aka sani.

Sau ɗaya Habsatou ta taɓa hawa, ranar da aka yi mata odar masa. Ta tarar da Saffana cikin leshi ruwan zuma, da gwaggwaro kamar zai taɓo silin, tana taka rawar kiɗan ƙwarya irin ta matan biki, tana yi wa 'yan kallo fari. Habsatou ta ce astagfirullah a fili. Ta ƙara kallo, sai dariya ta kama ta, ta matsa ta gyara mata gefen ɗaurin da ya karkace. Ba ta sake komawa ba, ba ta kuma taɓa faɗa wa kowa ba. Wani ne daban ya ɗauki bidiyo, ya bi waya waya har ya faɗa zauren 'yan kasuwa na waya, daga can ya tsallaka gida. Shi ke nan sai aka tuna da mutunci.

Ranar dukan, Habsatou kaɗai ta jawo Isufu sama, tana hutawa a kowane hawa. Ta kwantar da shi a katifarsa ta ce za ta nemo mota.

"A'a, Yaya," in ji shi, numfashinsa na fita da ƙyar. "Bizata ta mutu tun bara. In na shiga asibiti, daga gado sai kurkuku."

"Kurkuku ai da rai ake shiga, Isufu."

"Ki gasa mini da ruwan zafi kawai. Na sha wanda ya fi wannan."

Ƙarya yake, bai taɓa sha ba. Kwanakin da suka biyo baya ta rufe tukunya da wuri tana jinyarsa. Cikinsa ya kumbura ya yi tauri, fitsarinsa ya koma jini, kunu ma in ya sha sai ya dawo. Duk da haka bakin bai mutu ba. Ya dubi fuskarsa a madubi ya ce Ghali ko kwalliya bai iya ba, ya yi wa ido ɗaya shuɗi ya bar ɗayan. Habsatou ta yi dariya, ta fita baranda ta yi kukanta.

Wata safiya tana goge masa jiki ya riƙe mata hannu.

"Yaya, kin ga wani tulu a kan kanta a ɗakin A-Ming, ranar da kika kawo masa?"

"Na ga wani abu mai fure-fure."

"Wata ƙawarmu ce 'yar Kamaru. Da ta mutu babu wanda ya zo ya ce nasa ne. Garin nan in ba ka da mutane, wuta ake sa ka. A-Ming ya karɓo tokar ya ajiye." Ya ƙara matse hannunta. "Ni duk abin da na yi, ban taɓa barin salla ba, ke shaida ce. Kada ki bari su ƙona ni. A yi mini wanka, a sa ni a ƙasa. Shi ke nan abin da nake so."

"Bar wannan magana."

"Ki ce kin yi alkawari."

Ta yi. Washegari ya daina gane mutane, A-Ming ya zo ya saɓa shi a baya kamar jariri, suka kai shi asibiti ko yana so ko ba ya so. Likitoci suka ce wani abu ya fashe a ciki tun ranar farko. Da hantsi ya cika, Habsatou na riƙe da ƙafarsa tana maimaita masa kalmar shahada. 'Yan sanda sun zo sun yi tambaya, duk benen aka rasa wanda ya ga komai, ita kuma da ta faɗi sunaye sai aka tambaye ta takardar izinin sayar da abinci. Wata ma'aikaciya ta yi mata bayani a hankali, A-Ming na taya ta da hannu: in Musulmi ne, sai mutanensa maza sun zo sun tsaya masa, a kai shi maƙabartar Musulmi. In ba su zo ba, za a yi masa yadda ake yi wa kowa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci falonta ya cika kamar kullum. Ciki ba ya fushi da mai tuwo, har Ghali na nan a kujerarsa ta kusa da fanka, yana neman ƙarin miya. Habsatou ta fito da tukunyar miyar kuka tana tafasa, ta tsaya a tsakiyarsu.

"Isufu ya rasu," ta ce. "Ina neman wanda za shi yi mai wanka."

Cokula suka tsaya. Babu wanda ya ce inna lillahi. Wani ya sunkuyar da kai yana duba waya, wani ya shiga wanke hannu kamar an aike shi.

"In ba ku zo ba ƙona shi za a yi. Kun ji ni? Ɗan Musulmi, wuta za a sa mai."

Ghali ya suɗe yatsa. "To ai gara ya fara sabawa tun daga nan."

Ba ta yi shawara da zuciyarta ba. Ta juye masa tukunyar a cinya da hannuwa. Ya ƙwalla ƙara ya miƙe, tebur ya kife, kwanuka suka tarwatse. Da hannun da ya ƙone ya kai mata naushi a baki, ta ji haƙori ya karye, ta faɗi a kan fasassun tangaran. Ya ɗaga kujerar roba ya sauke mata a baya, ya sake ɗagawa. Ta rarumo wuƙar yankan albasa da ta faɗo daga tire, ta miƙe a kan gwiwa, jini na zuba a haɓarta.

"Zo," ta ce. "Ka kashe ɗaya, zo ka cika biyu. Amma wallahi sai ka bar wani abu naka a nan."

"Ghali, ajiye kujerar nan."

Malam Maharazu ne, dattijon da ya fi kowa daɗewa a garin, mai haɗa wa mutane kaya a jirgi ta filin jirgin Baiyun. Shi ke wanke duk wanda ajali ya riska a nan. Bai ɗaga murya ba, bai ma tashi ba. Ghali ya yi jifa da kujerar, ya fita yana zagi yana yarfe hannu, biyu suka bi shi. An ce a cikin satin ya hau jirgi, har yau bai dawo ba.

Dattijon ya daɗe yana kallon tuwon da ya zube a ƙasa. Ba son Isufu yake ba, ko gaisuwarsa da ƙyar yake amsawa, kuma Habsatou ta sani.

"Yana salla?" ya tambaya.

"Kullum da asuba ina jin butarshi ta bango."

"Kin ji ya yi shahada?"

"A kunnenshi na yi ta faɗa. Leɓenshi na motsi."

Ya juya ga sauran. "Kun san hukuncin. In mutum ɗaya ya yi, ya ɗauke mana. In babu wanda ya yi, duk wanda ke garin nan ya ji labari yana da kaso a zunubin. Wa zai zuba mini ruwa?"

Ƙartin maza cike da falo, aka rasa mai ɗaga kai. Malam Maharazu ya ɗauki hularsa ya ce, "Allah Ya kyauta. 'Yar nan, je ki wanke bakinki, gobe da safe mu tafi."

Da safe suka isa gidan ajiyar gawa, suka tarar da A-Ming a ƙofar ɗakin da aka ware musu, tare da mutum uku daga ɗakin Lahadi. Sun sa dogayen riguna na maza, suna tsaye a takure kamar masu jiran hukunci. Ɗayansu, wani dogo ɗan Mali mai suna Ismaël, ya gaida Malam da Hausar kasuwa ya ce shi Musulmi ne, sauran biyun ma haka. Malam ya amsa a gajarce ya wuce ciki. Ya yi bisimilla ya yaye mayafin, sai ya ja da baya.

Saffana ce kwance a kan teburin. Leshin nan ruwan zuma, gwaggwaro, sarƙa, jan baki. An shafe kumburin fuskar da hoda har ba a ganin inda bel ya tsaga. A yatsu goma an manna dogayen farata ja masu ƙyalli. Tun jiya 'yan ɗakin suka roƙi ma'aikata, suka zo suka yi aikin nan da hawaye, don a al'adar su A-Ming mamaci da mafi kyawun kayansa yake tafiya, kuma su ba su san Isufu da kayan da suka fi waɗannan ba.

"Inna lillahi," in ji Malam Maharazu. "Ni za ku yi wa wannan? Ni?" Ya juya zai fita.

Habsatou ta tare ƙofa da jikinta. Bakinta a kumbure, maganar na fita a murɗe. "Baba, ba wulaƙanci ba ne. Su iyakar abin da suka sani ke nan. In ka fita, wuta ce."

Ya tsaya yana huci. Can ya koma, ya dubi gawar daga sama har ƙasa da idon mai aiki.

"Kaya a cire. Fenti a goge. Amma wannan," ya ɗaga hannun Isufu, "ruwa ba ya ratsa shi. In ruwa bai taɓa ko'ina ba, ba a yi wanka ba."

Ya kama farce ɗaya ya fizga da ƙarfi. Ya fito tare da na ainihin, naman yatsan ya buɗe. A-Ming ya yi wata ƙara ya dafe hannun dattijon, yana ta faɗin "Meyo, meyo!", wato a'a da yarensu. Ismaël ma ya riƙe Malam, dattijon ya fizge, ƙaramin ɗakin ya hargitse har wani ma'aikaci ya leƙo. Habsatou ta daka musu tsawa, a kan gawa suke, su ji kunya. A-Ming ya saki, ya buɗe jakarsa, ya fito da 'yar kwalba da auduga. Ya nuna wa Habsatou da yaren kasuwa: a jiƙa, a jira, zai fita da kansa.

Ta dubi Malam. Ta san mace ba ta taɓa gawar namijin da ba nata ba, shi ma ya san ta sani. Dattijon ya dubi yatsan da ya yaga, fuskarsa ta canza, ya juya ya fuskanci bango.

"Ni ina duba likkafani," ya ce. "In kun gama ku faɗa mini."

Ta ɗauki hannun dama, A-Ming ya ɗauki na hagu. Suka naɗe kowane yatsa da jiƙaƙƙiyar auduga, suka jira, warin maganin ya cika ɗakin. Ɗaya bayan ɗaya faratan suka saki ba tare da gardama ba. Ta kwance gwaggwaron da hannunta, ta naɗe shi ta miƙa wa A-Ming, ya rungume a ƙirji. Da ta goge hodar, duk abin da aka yi masa a matakala ya dawo fili, tsagar goshi da shuɗin ido da leɓen da ya fashe. Malam Maharazu ya juyo ya gani. Da ya karɓi hannun, a hankali ya karɓa.

"Mata da wanda ba Musulmi ba su fita," ya ce. "Kai dogo, ka iya alwala?"

"Na iya, Baba."

"To naɗe hannun riga. Dama za mu fara."

Daga bayan ƙofa Habsatou ta ji zubar ruwa, da muryar dattijon yana cewa a ƙara, a juya shi, a hankali. Ta zauna a benci kusa da A-Ming, babu mai yaren da zai ishe shi yi wa ɗan uwansa ta'aziyya. Da aka fito da shi cikin farin ƙyalle, ta leƙa ta taga ta ga an tsayar da sahu a tsakar gidan: Malam a gaba, a bayansa mutum ukun nan na ɗakin Lahadi da wani tsoho Musulmi ɗan China mai kula da maƙabarta. Sahu ɗaya ne, bai ma cika ba. Ta ji kabbara huɗu, aka sa shi a mota. Mata ba sa bin gawa, don haka ta koma gida.

An yi ruwa da azahar. Ba ta ɗora tukunya ba, ba wanda ya zo neman abinci. Ta share fasassun kwanukan jiya, ta zauna a falo tana jin motsin bene, zuciyarta na raya mata ko an tsayar da su a hanya, ko an ce wata takarda ba ta cika ba, ko dattijon ya sake shawara. Sai bayan la'asar aka yi sallama.

Malam Maharazu ne shi kaɗai, rigarsa a jiƙe. Ya tuɓe takalma a bakin ƙofa ya shigo ya zauna, ya nemi ruwan sha.

"Baba, an sa shi?"

"An sa shi. Ni da dogon nan muka shiga ramin."

"Kun juya shi gabas?"

"Yamma, 'yar nan. A ƙasar nan alƙibla yamma take." Ya shanye ruwan ya ajiye kofin. "Allah Ya jiƙansa."

"Amin," ta ce.

Bai daɗe ba ya tashi. Da ya sa takalmansa ya sauka, sai ta ga abin da suka bari a bakin ƙofa: dunƙulen jar ƙasa mai danshi, da 'yar ciyawa a manne. Ta ɗauko tsintsiya, ta tsaya a kanta. Can ta jingine tsintsiyar a bango, ta tsuguna ta ɗora tafin hannunta a kan ƙasar. Da sauran sanyin ruwan sama a jikinta.